Ambulan Ɗin Shugaban Bene

Mai Aski ya lashi bakin biro, ya rubuta sashe na bakwai: duk randa famfo ya ɗauke, shugaba ne zai riƙa hawa da ruwa har hawa na huɗu.

Tun da sabon tsari ya zo, kowane bene ya zama ’yar hukuma mai cin gashin kanta. Ba kamfe, ba fosta. A zuba sunayen mazauna a bokiti, mutum ɗaya ya zaro takarda, a liƙe ta a ambulan. Ba a buɗewa sai an gama rubuta kundin tsarin mulki, don kada wani ya yanka doka daidai wuyansa.

A benensu, matar Mai Aski ce ta zaro. Suna shiga ɗaki ya tsare ta da magiya, har ta leƙa ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

“Tela ne. Amma ka rufa min asiri, Baban yara.”

Telan da ya ɗinka masa ɗangalallen wando ranar auren ƙanwarsa, ya kuma ce wai ƙafafunsa ne suka ƙara tsawo. Washegari Mai Aski ya nemi shiga kwamitin rubutu, aka sakar masa biro.

Kwana uku yana rubutu a teburin falo, matar tana guga, tana jefo shawara kamar ba ta damu ba. Shugaba ba ya zaman gidan kallon ƙwallo, kada a neme shi a rasa. Shugaba ne mai raka yara makaranta in ana ruwa. Shugaba zai gyara duk ƙofar da ke ƙara, ya fara da ta gidansa don a yi koyi.

“Ashe kina da kai haka?”

“Zama da kai ne.”

Ranar taro aka jera kujeru a gindin matakala. Da aka gama karanta kundin, Tela ya miƙe, tef ɗin awo rataye a wuya.

“Malam, shugaba muke nema ko jaki? Aƙalla a ba shi damar yin murabus.”

“Ba murabus,” in ji Mai Aski. “Mai tsoron hidima ya koma akurkin kaji.”

Tela ya ce to wa’adi shekara ɗaya. Mai Aski ya ce uku. Aka ce a ɗaga hannu. Kafin maza su gama gyara zama, hannuwan mata sun kai sama, wata ma biyu ta ɗaga. Kundi ya wuce, kowa ya sa hannu, Mai Aski a sahun farko.

Tsohuwar Nas, wadda ta girmi kowa a benen, ta goge tabarau, ta yage ambulan. Mai Aski ya harɗe ƙafa, yana kallon siraran ƙwaurin Tela, yana ƙirga matakala a zuci. Sittin da huɗu ne.

Sunan Mai Aski ne a takardar, kuma duk matan benen sun san haka tun ranar da matarsa ta zaro ta.