Laifin Bakin Kanae

Norio bai gama cire takalmi ba ya jiyo muryar mahaifiyarsa, tsohuwa Fusae.

"In matarka ta ƙara yi min magana haka, gidan tsofaffi zan koma."

Ransa ya ɓaci. Duk faɗin birnin Sendai ba wanda ya isa ya taka masa uwa. Ya juya kan matarsa Kanae.

"Uwar tawa kika yi wa rashin kunya? Durƙusa ki ba ta haƙuri."

Kanae ta kai goshi kan tabarma. "Ranki ya daɗe, a gafarce ni da na ɓata rai mai daraja."

Fusae ta yi jifa da tsinkayen da take cin shinkafa da su.

"Ka ji ta ko? Ita ke min wanka, ita ke yanke min farce, amma har yau magana take min kamar na shigo kanti sayayya. Ko kyanwar gidan nan 'ke, matsa' take ce mata. Ni ce bare?"

Kanae ta ɗago, ido jajir.

"To ke tsohuwa, rufe mana baki ki sha miyarki."

Fusae ta jawo kwano, ta harari ɗanta.

"Kai kuma me kake kallo? Ni da 'yata ne."