Zafin Jif ɗin Lukmanu

"Oga, injin nan lafiyarsa ƙalau," in ji Zacharias bakanike.

Lukmanu ya share gumi. Ya canza lagireto, ya canza fanka, amma tsohuwar jif ɗinsa ba ta daina zafi ba. Har ya fara neman mai saye.

Zacharias ya leƙa ƙarƙashin kujerar mai zaman banza, ya jawo wata wayar wuta mai maɓalli da aka ɓoye. Yana dannawa allurar zafi ta haura ja.

"A ina ta fi yi muku?"

"Unguwar Kado," in ji Lukmanu. "Sai ni da madam mu shiga cin kifi kafin ta huce."

Sai ya waiga ya dubi matarsa Saudatu, wadda kullum ita ke zama a wannan kujerar.

Ta gyara mayafi. "Shekara uku ina cewa ka fita da ni, kana cewa mitin. Na ga injin ka fi jin maganarsa."