Igiya ta Huɗu

Tunda ka ce ƙaramin babur ɗin naka ya ishe ka, babba za ka sayo, to gyara zama ka ji misalin wani mutum.

Ɗan acaɓa ne. Shekara goma sha biyu yana bisa wani ɗan babur marar nauyi, wanda ko ya karkace da buhu biyu a baya, da ya zura ƙafa ya tokari ƙasa shi ke nan, ya miƙe. Ƙafar ta riga ta saba, ba ta ma jiran umarninsa. To ka san ran ɗan Adam, ba ya zama wuri ɗaya. Ya ƙyalla ido ya ga manyan baburan nan na tsere, waɗanda mahayinsu ke kwanciya a kan tanki, ya ji in ba su ba sai rijiya. Ya sayar da ƙaramin, ya tafi wani gari mai nisa inda aka kwatanta masa wani baƙi wuluk na sayarwa. A cikin wani ɗaki ya same shi, an lulluɓe shi da tsohon zane. Mai sayarwar bai shiga ɗakin ba, daga bakin ƙofa ya miƙo makulli da 'yan yatsu biyu. Da ya tambaye shi ina mai babur ɗin, sai ya ce ya daina hawa. Wai wata shida ba a tayar da injin ba, amma da ɗan acaɓan ya ɗora tafinsa a kan tanki sai ya ji ɗumi, irin ɗumin jikin dabba. Gabansa ya faɗi. Sai dai ƙyallin fentin nan ya riga ya rufe masa ido, ya biya.

Bai yi gangancin tuƙo shi ba, nan kam ya yi hankali. Ya ɗauki shatar a-kori-kura, direbanta wani dattijo wanda ya daɗe yana dakon irin waɗannan kaya. Ƙarti huɗu suka tura babur a kan katako suna nishi kafin ya hau bayan mota. Dattijon ya sa shi a giya, ya tokare tayoyin da itace, ya ɗaura igiya huɗu, kowace zuwa kusurwarta, ya ja na gaba har sai da babur ya durƙusa. Ya ce da mutumin ya shigo gaba su zauna, ya ƙi, wai shi a baya zai zauna kusa da abinsa. Dattijon ya dube shi ya ce, "To igiyoyin nan, ko ɗaya kada ka taɓa. Tsohon naka kai ke riƙe shi. Wannan shi ke riƙe mutum."

Suka kama hanya. Rana ta take tsaka suka shiga wani dogon daji, ba mota, ba mai tafiya a ƙasa, ko kukan tsuntsu babu. A nan ne ya lura da abin da ya sa tsigar jikinsa tashi: ko motar ta karkata hagu ko ta karkata dama, shi babur wajensa yake rinjayowa, igiyoyin na ƙara kamar mai cizon haƙora. Ya ga fuskarsa a jikin tanki ta yi tsawo, ta tsufa, kamar ba tasa ba. Tsoro ya kama shi sosai, har ya ɗaga hannu zai buga wa direba. Sai idonsa ya faɗa kan igiyar can ɓangaren, ta huɗu, tana gogar gefen tanki, ta fara barin ɗan farin zane a kan baƙin fenti. Wallahi da ya bar ta da ya huta. Amma duk gogar da ta yi, a fatarsa yake jin ta. Yaya zai shiga unguwa da sabon babur mai tabo? Ya cire hularsa, ya ce bari ya ɗan sassauta ƙullin kawai, ya cusa hular tsakanin igiya da fenti, ya mayar. Ya miƙa hannu ta saman kujera. Ƙullin da dattijo ya ja da ƙarfinsa duka, da taɓawa ɗaya ya warware. Ƙarar igiyoyi ta ɗauke ɗif. Babu rami a wurin, babu kwana, kwalta shimfiɗe take sumul. Babur ya taho a hankali, a hankali, har mutumin yana da lokacin matsawa gefe, ga kuma fili a bayansa. Amma ƙafar da ta yi shekara goma sha biyu tana tare babur ba ta tambaye shi ba, ta zura kanta.

Direba bai ji komai ba sai da ya tsaya salla a gari na gaba. Ya zagayo ya same shi kwance a ƙasan ƙarfe, ido buɗe, ya yi kukan har murya ta ƙare. Aka taru aka ɗaga babur, aka duba shi ciki da bai, ko ƙwarzane bai ƙaru ba, don ƙafar mutumin ce ta zame masa matashi. A asibiti aka yanke ta daga gwiwa. Babur na nan a zaurensa har yau, baƙi wuluk yana ƙyalli, bai taɓa hawansa ba ko sau ɗaya, masu shiga gidan kuma sukan raɓa bango su wuce da sauri.

Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.