Gadon Raino

Tun da aka hana shiga masaƙa da goyo, kowace uwa aka ba ta gadon raino: jariri na yin kuka, gadon ya miƙa masa madara. A ciki Ladidi take barin Mudi har la'asar.

Ranar awo, malamar asibiti ta daɗe tana kallon sikeli.

"Ɗan wata bakwai da nauyin ɗan shekara biyu! Maman Mudi, sau nawa yake sha?"

"Duk sanda ya yi kuka, Malama."

"Ai ba kowane kuka ne na yunwa ba. Wani, jikin uwa yake nema."

Ladidi ta koma gida. Ta ciro majanyin da uwarta ta goya ta da shi, ta goya Mudi da ƙyar, tana jijjiga shi. Yaron ya banƙare, ya tsala ihu, yana miƙa hannu wajen gadon.

Ta jure har muryarsa ta dusashe, sannan ta kwance majanyin, ta kwantar da shi. Gadon ya miƙo madara, Mudi ya yi tsit. Ita da ta ci gaba da kukan, babu wanda ya miƙo mata komai.