Jan Tauraron Kunama

"Malam, ɗan yabe ni mana," in ji tsohon shugabanmu ranar bikin ritayarsa a Samaru. Shekara uku da rasuwar matata, bai taka gidana a Hanwa ya yi mini ta'aziyya ba.

Na karɓi lasifika. "Ranka ya daɗe, kai ne jan tauraron nan na burujin Kunama. Faɗinsa ya ninka na rana sau ɗari bakwai."

Aka yi ta tafi. Ya buga maganar a kalanda a Sabon Gari, ya rarraba wa kowa.

Wata abokiyar aikinmu, malamar ilimin taurari, ta tare ni tana dariya. "Ka gaya masa sai makamashi ya kusa ƙarewa tauraro ke kumbura haka?"

"Zan gaya masa," na ce, "ranar da ya zo ta'aziyya."