Agogo a Kan Tebur

Bel ɗin ya tsaga iska. Analyn ta ƙwala ihu, ta zube a bayan tebur.

"Tsaya!" in ji Nenita. "Loleng, gwaji muke yi, ba yanka ba."

Nenita ce ta haɗa wasan kwaikwayon, kamar yadda take haɗa duk wata hidimar matan Filifin da aure ya jefo wannan ɗan garin masunta na Denmark. Labarin wata yarinya ce da ta baro garin Iloilo na Filifin ta auri Bature, ta tarar gidan ba kamar na hoto ba. Maza sun ƙi shiga, don haka Loleng, ƙatuwar bazawara mai aikin gyaran kifi, ita ta fito a mijin, Analyn kuma a matar.

Ta kuwa fito. Har abin da ba a sa ta ba ta ƙara. Matar za ta soya busasshen kifi irin na gida, wari ya cika ɗaki. Mijin zai shigo ya shinshina, ya ja labule, ya kwance agogonsa a hankali ya ajiye a kan tebur, ya naɗe hannun riga, sannan ya zare bel. Agogon nan ya fi bel ɗin tsorata Nenita.

Kowa ya ɗauka Loleng marigayi Egon, mijinta, take kwaikwaya. Allah sarki, ashe abin da ta sha ke nan ta haɗiye. Babu wadda ta tambaye ta, don ba a tone wa mutum irin wannan.

Amma tausayi daban, jikin 'yar mutane daban. Ran nan Analyn na sauya riga, Nenita ta ga bayanta: shatin bel ja da baƙi, har da inda ƙarfen ya ci fata. Ranta ya yi mummunan ɓaci.

"Ke wace irin azzaluma ce?" ta tare Loleng. "Yarinyar da bango ɗaya ya raba ku, kina ce mata ƙanwa? In fushin Egon ne, je ki kabarinsa ki sauke."

Analyn ce ta kama hannun Nenita, wadda take kira Tita, wato goggo. "Don Allah, Tita, ƙyale Ate Loleng, yayata ce. Ni ce ban iya kaucewa ba."

Nenita ta rantse, in bel ya sake taɓa yarinyar, wasa ya mutu. Kunyar Preben ma ta ishe ta, mijin Analyn, kafinta mai fara'a da ya ƙera musu dandamali kyauta. Shi ke kawo matarsa gwaji, shi ke zuwa ɗauka, bai taɓa makara ba. Bai kuma taɓa shiga ya kalla ba, wai kada ya rage wa kansa daɗin ranar. Da wane ido za ta dube shi in ya ga bayan nan?

Ranar Lahadi bayan an tashi coci, zauren ya cika maƙil: mazaje, surukai, fadan coci, yara da farantin taliya a cinya. Preben na layin gaba riƙe da furanni. Nenita ta tsaya gefen dandamali, idonta a kan bel.

Kifi ya soyu. Loleng ta shigo, ta shinshina, ta ja labule, ta ajiye agogo.

"Na ce miki gidana ba juji ba ne," ta faɗa ƙasa-ƙasa. Wannan ma ba ya cikin wasan. Analyn ta dunƙule, ta kare kanta da hannuwa, ba irin na wasa ba. Bel ya tashi.

Bai sauka a kanta ba. Loleng ta juya, ta diro daga dandamali, ta zabga wa Preben ƙarfen a fuska. Leɓensa ya tsage. Ta ƙara masa a wuya, ta ƙara a kunne. Furanni suka watse, kujeru suka kife, yara suka sa kuka. Da ƙyar mata suka taru suka rirriƙe ta, tana huci kamar kububuwa.

"Ta haukace!" in ji Nenita, hawayen kunya na zubo mata. Ta ruga wajen Preben da tsumma. "Yi haƙuri, ka yi mana haƙuri. Ba kai take gani ba, mijinta take gani."

Preben bai karɓi tsumman ba. Ya miƙe, jini na ɗiga a farar rigarsa, idonsa ya wuce Loleng ya tsaya a kan Analyn. Sannan, a gaban gari duka, ya kwance agogonsa a hankali, ya ajiye a kan kujera, ya soma naɗe hannun riga.