Sai Bayan Biki

Barnaba Nomau dattijo ne a ikkilisiyar wani ƙauye da ke yamma da Ɗambatta, inda gonakin Kirista da na Musulmi ke manne da juna. Duk ranar farko ta sabuwar shekara shi ake ba addu'ar godiya, domin yana da murya, ya kuma iya jera magana. Sai dai an kwashe shekaru ko gaisuwa ba ta haɗa shi da ƙanensa Ayuba, alhali uwa ɗaya uba ɗaya suke, majami'a ɗaya kuma suke shiga.

Rigimar iyakar gona ce ta jawo. Barnaba ya samu saɓani da maƙwabcinsa Malam Khalilu, aka je gaban dagaci, aka kira Ayuba shaida. Shi kuwa ya faɗi abin da ya sani, cewa garmar yayansa ce ta ci cikin gonar Khalilu. Daminar ba ta ƙare ba Barnaba ya shirya da Khalilu, tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti suka ci gaba da ƙetare darni kamar da. Amma a ganin Barnaba, Ayuba ya kunyata shi a bainar jama'a, wannan kuwa ya ƙi haɗiyuwa. Matarsa Saratu ta yi magana har ta gaji. Fasto ya zaunar da shi, Barnaba ya ce ya ji, zai duba.

A shekarar da muke magana a kai, Ayuba ya yi ta fama da kumburin ƙafa tun kaka, ko yankan dawarsa 'ya'yansa ne suka yi. Ranar ƙarshe ta Disamba da la'asar, Barnaba yana ƙofar gida ana feɗe akuyar biki, sai ga Ayuba yana dogara sanda. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya yi sallama, ya rusuna iya yadda ƙafar ta bar shi.

"Yaya, na zo ne kada shekara ta juya da mu a haka," in ji shi. "Idan maganata ta ɓata maka rai, ka yafe mini. Jikin nan ba na jin daɗinsa."

Barnaba ya ga ramar, tausayi ya kama shi. Amma masu fiɗa sun dakata suna kallo, shi kuma ba ya so a ce kalma ɗaya ta sauko da shi. Ya mai da ido kan naman.

"Ka ga hidima ta yi mini yawa. Bari sai bayan biki, zan shigo."

Ayuba ya ce Allah ya kai mu, ya juya a hankali.

Washegari majami'a ta cika, kowa da sabon ɗinki, zumuntar mata suna waƙa suna kaɗa tulu. Da Fasto ya hau wa'azi, ya ce sabuwar shekara ba hakkinmu ba ce, ƙarin lokaci ne Ubangiji ya ba mu cikin alherinsa domin mu tuba, mu gyara abin da muka ɓata. Ya ce babu manomi a cikinsu da ke shuka kafin ya yi sharar gona. Almasihu ya gafarta mana tun ba mu roƙa ba, saboda haka wanda ya karɓi gafara ya hana ɗan'uwansa, tsohuwar shekararsa ce kawai ya sa wa sabuwar riga.

Barnaba ya waiga bencin da Ayuba ya saba zama. Babu kowa. Da ya miƙe yin addu'ar godiya, sai ya taƙaita ta. Ya ƙudura a ransa yau zai je.

Sai dai ana tashi ya tarar da baƙi a gida. Aka ci, aka sha, wannan ya tafi wancan ya zo, yana ta ce wa kansa yanzu zai tashi. Sai da rana ta yi sanyi ya sa Saratu ta naɗe masa cinyar akuya, ya kama hanya.

Tun daga nesa ya jiyo kuka. Ashe da hantsi Ayuba ya yanke jiki ya faɗi, maƙwabta suka nemo mota zuwa asibiti, rai ya yi halinsa a hanya. Shigowa da gawar ke nan. Ba wanda ya yi tunanin aika wa Barnaba da wuri, domin kowa ya san ba sa ga maciji.

Rifkatu, matar marigayin, ta fito ta same shi tsaye a zaure da ƙunshin nama a hannu. Ba ta yi masa faɗa ba.

"Baba, jiya da murna ya dawo," ta ce. "Ya ce ka yi alkawari za ka shigo. Da safe shi ya sa na share zauren nan, na shimfiɗa maka sabuwar tabarma. Ga ta nan, zauna."

Barnaba ya zauna. A kan tabarmar ya karɓi gaisuwar mutuwa, mutane suna ce masa ya yi haƙurin rashin ƙanensa.

'Yan'uwa, ganin sabuwar shekara kyauta ce daga Allah, kuma ba a ba mu ita don yanka da ɗinki kawai ba. Idan akwai wanda kake riƙe da shi a zuciya, je ka same shi yau, domin ba kowa aka yi wa alkawarin bayan biki ba.